Wa Ya Aike Ku Sasanta Kututture da Sululu?

Zuwa ga Mai Girma Babban Shugaban Kamfanin Ƙaho Bakwai, masu shirya finafinan jarumai, tare da mataimakansa, da marubutansa, da wanda ke riƙe masa jaka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ta dace da mutumin da ya iya tara jama'a a ɗaki mai duhu har awa biyu da minti arba'in da ɗaya ba tare da ya ba su abin da suka zo nema ba, ina fatan kana lafiya, iyali lafiya, ma'aikata ma lafiya. In ka tambayi tamu lafiyar, da sauƙi za mu ce, don haka aka koya mana mu riƙa cewa.

Ni mai gyaran agogo ne. Shekarata ashirin da huɗu ina bin jaruminku Kututture, tun yana fitowa a mujallar zane kafin ku kai shi fim. Na san ka san shi, amma tunda na ga alamar marubutanka ba su san shi ba, bari in tuna musu: shi ne ƙaton nan mai gashin baki, wanda in ya kafa ƙafarsa a ƙasa ko jirgin ƙasa ba ya gusar da shi. Maƙwabcina kuma mai aski ne. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa, benci ɗaya muke zama a kai. Shi nasa gwanin Sululu ne, siririn jaruminku mai ɗan karen surutu, wanda ke rikiɗa ya zama hayaƙi ya bi ta ramin makulli. Ranar da na buɗe shago na manna hoton Kututture, ya leƙo ko sallama babu ya ce, "Wannan buhun simintin ne gwaninka?" Tun daga ranar musu ɗaya muke yi: in sun haɗu, wa zai kayar da wani? Ni in ce hayaƙi ba ya ture dutse, shi ya ce dutse ba ya kama hayaƙi. Kullum da yamma a kansa muke, har masu jiran aski su rabu gida biyu. Wannan musun shi ne zumuncinmu, ranka ya daɗe, kuma shi kuka kashe mana ranar Asabar, kwana tara da suka wuce.

Da kuka yi shelar za ku haɗa su a fim ɗaya, wallahi sai da na ajiye agogon mutane na tashi na yi rawa a tsakar shago, da girmana da komai. Muka ƙulla yarjejeniya a gaban shaidu. In Kututture ya faɗi, mai aski zai aske mini gashin baki a bakin titi kowa na kallo. In an kama Sululu, zan kafa hoton Kututture a saman madubinsa, ya zauna nan har ƙarshen rayuwar madubin. Muka tafi kallon ƙarfe biyu na rana, ni da shi da mai ɗakina. Shi ya naɗo askarsa a hankici, ni na riƙo hoto da guduma da ƙusa. Mai gadin gidan sinima ya karɓe aska da guduma a ƙofa, ya bi mu da wani irin kallo. Ban ga laifinsa ba.

Ga abin da muka taras a ciki, na jero maka su don kada in wahalar da kai.

Na ɗaya. Na shiga da agogon da ake auna masu tsere da shi, don a sana'ata babu "wajen" babu "kamar". Faɗan da kuka yi shekara biyu kuna tallarsa, kuka cika mana bangwaye da fosta, minti uku ne da daƙiƙa hamsin da biyu. A ciki, daƙiƙa saba'in ƙura ce ta turnuƙe, ba a ganin kowa. Daƙiƙa arba'in Sululu yana zuba ba'a. Daƙiƙa goma sha tara kun nuna wata mota tana juyi a sama, motar da ba ta tsare wa kowa komai ba. Abin da ya rage mana shi ne minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da uku. Ranka ya daɗe, in ƙaramin sukurun agogo ya faɗi mini ƙasa, nakan fi haka daɗewa ina lalube. Shin a kan wannan mutum zai bar shago a rufe ranar ciniki?

Na biyu, kuma a nan ina roƙon ka gyara zama. Ina gashin bakin Kututture? Wa ya aske shi, da izinin wa? Kun kawo mana wani saurayi sumul, ƙirji ya sha mai yana ƙyalli, kun ce wai shi ne. Ni nan saboda Kututture na tara nawa. Mai ɗakina ta yi lallashi, ta yi fushi, ta kai ƙarata wajen yayata har sau biyu, ban taɓa shi ba. Fuskar yaron nan naku tana bayyana, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Malam, ashe gwanin naka ma ya gaji da abin." Mutanen layin kujerunmu duk sun ji, har da mai dariya da shaƙewa. Bai tsaya nan ba. Kututturen da muka sani maganarsa a fim guda ba ta wuce jimla biyar, amma naku ya zauna a bakin tagar bene yana ba da labarin ƙuruciyarsa yana share hawaye, minti shida cur. Daga nan kuma ya tashi sama. Ya tashi sama, ranka ya daɗe! Mutumin da duk darajarsa ita ce ba ya motsi, kun saka masa takalmi mai wuta kun cilla shi cikin gajimare. In ba za ka ji haushi ba, me aka bar masa na Kututture ban da suna?

Na uku. Mun zo ganin mutum biyu, kun buɗe wani rami a sararin sama kun zazzago mana jarumai goma sha tara. Wannan mai fukafukai, wancan mai ido uku, ga wata mai jifa da faranti. Kowa ya diro sai ya tsaya ya karkace ana kiɗa, ya faɗi magana ɗaya, shi ke nan an gama da shi. Taron tsintsiya ba shara. Har Kututture kun kawo guda uku daga wasu duniyoyi, ɗaya daga cikinsu kare ne, kuma abin takaicin shi karen ne kaɗai ke da gashin baki. Mai ɗakina ta yi ta tambayata, "Wannan kuma waye?" Ni da ake zuwa shagona daga wasu unguwanni a tambaye ni tarihin jaruman nan, sai ga ni ina cewa "ai shi ne wancan ɗin". Wata baiwar Allah a bayanmu ce ta tausaya mana ta riƙa yi mana bayani, ta ce sai wanda ya kalli finafinanku goma sha huɗu da wani shiri mai dogon zango zai gane. To ranka ya daɗe, fim muka zo kallo ko jarrabawa? Da kun faɗa mana tun a ƙofa, da mun zo da biro.

Na huɗu shi ne babban laifin. Ana tsakiyar ɗan faɗan nan, Kututture ya miƙa hannu, Sululu ya fara zama hayaƙi, ni na miƙe tsaye, mai aski ya damƙe mini hannun riga har maɓalli ya tsinke, sai ga wani dodo mai launin toka da kuka zana da kwamfuta ya faɗo daga ramin nan. Har aka tashi ban san abin da ke damunsa ba, ihu kawai yake yi yana rushe gidajen talakawa. Jaruman namu suka dubi dodo, suka dubi juna, suka yi musafaha. Sululu ya ce, "Ashe dai bakinmu ɗaya." Kututture ya yi dariya. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai ranar. Ina tambaya cikin ladabi, wa ya kawo muku ƙara cewa suna bukatar sulhu? Wa ya aike ku? Ku masu shirya fim ne ko dattawan unguwa?

Na biyar gajere ne. An ce kada a tashi, akwai wani abu bayan sunaye. Muka zauna minti goma sha ɗaya muna karanta sunayen direbobinku da masu dafa muku abinci, Allah ya saka musu da alheri, su dai sun yi aikinsu. Mai shara na tsaye a kanmu da tsintsiya. Na ce a raina, yanzu za a ƙarasa faɗan. Sai aka nuno su biyun a teburi ɗaya suna shan shayi, Sululu yana zuba wa Kututture sukari.

A ƙofa mai gadi ya miƙo mana aska da guduma, ya ce, "To iyayena, wa ya ci?" Muka karɓi kayanmu. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Muka shiga mota muka dawo, mai ɗakina kaɗai ke magana, wai ita karen ya burge ta.

Na shida ba a cikin fim ɗin yake ba, amma ku kuka jawo shi, don haka ku za ku ji. Shekara shida da suka wuce matar mai aski ta rasu. 'Ya'yansa duk sun yi nisa. Ya rufe shago, ya kulle kansa a ɗaki, abincin da mai ɗakina ke aika masa haka yake dawowa ko buɗewa bai yi ba. Mutane suka yi ta zuwa da maganganu masu daɗi, yana gyaɗa kai kawai. Ni ban iya irin waɗannan maganganun ba, bakina na musu ne. Da abin ya ishe ni, na je na tsaya a bakin tagarsa na ɗaga murya na ce, "Wanda ke bi ta ramin makulli ai ɓarawo ne, ba jarumi ba!" Can sai na ji an zare sakata. Ya fito da 'yar shara a wuya, ido ya faɗa, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai, mai agogo, kai da ka zaɓi mutumin da ko matakala ba ya iya hawa da sauri?" Muka yi awa guda muna ɗaga jijiyar wuya. Yana cikin zagin Kututture ya jawo kwanon abincin da mai ɗakina ta aiko ya cinye tas bai ma lura ba. Washegari ya buɗe shago.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, abin da kuka ɗauka shirme ne na tsofaffi biyu, da shi na fito da mutum daga ɗaki. Ba ni da wani makullin ban da shi.

Yau kwana tara da kallon fim ɗinku. Muna zama a benci kamar kullum, amma shiru kake ji. Na gwada kawo wani musun. Na ce shayin mai shayin tsallake ya fi na kusa da mu, bai kula ba. Na ce reza ta fi aska, maganar da a da sai ya bi ni da tawul, ya ce kowa da ra'ayinsa. Masu jiran aski da ke zuwa don mu sun koma danna waya. Jiya na rasa yadda zan yi, na tattaro ƙarfina na ce, "Ka san dai ba don dodon nan ba, da Kututture ya take Sululu da ƙafa ɗaya." Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Haka ne, mai agogo." Ya tashi ya naɗe tawul, ya rufe shago tun rana na sama, ya tafi gida. Tunda nake da shi bai taɓa ce mini haka ne ba, ko a kan ƙarfe nawa, alhali ni ne mai agogo. Tsoro ya kama ni, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sake ni ba.

Don haka ga roƙona, kuma na janye duk sauran ƙorafin in za ku biya mini wannan. Ku bar wa yaronku fuskarsa sumul, ku bar masa takalmin wutarsa, ku ƙaro jarumai ɗari in rami zai ɗauka. Amma don girman Allah ku ɓata tsakanin mutanen nan biyu. Ku sa Sululu ya yi wa Kututture rashin kunya a bainar jama'a, ko ya sace masa wani abu, ai halinsa ne. Ko a shafi ɗaya na mujalla ne ya wadatar. In hakan ya yi muku wuya, ku fito ku ce duk abin da muka gani mafarki ne karen nan ya yi, ba wanda zai yi mamaki, kun saba. Kuma ina gargaɗinku cikin girmamawa, kada ku kuskura ku faɗi wanda zai yi nasara. Da can na ɗauka amsar nake nema. Yanzu na gane ko Kututture kuka ba, ni kuka cuta.

Ku hanzarta, ranka ya daɗe. Yanzu ƙarfe goma da minti bakwai na safe, kuma bai buɗe shago ba tukuna.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ƙara wa marubutanka lafiya da ɗan abin da ya sawwaƙa na tunani.

Naka mai biyayya, mai ƙasƙantar da kai, wanda aka ba shi gaskiya jiya ya rasa inda zai kai ta,

Mai Gyaran Agogo,
shagon da ke jikin na mai aski.