Ƙwan Lantana da Kwamitin Gindin Danya

A wani daji da na sani kamar tafin hannuna, akwai wata tsohuwar danya a bakin fadama. Ni ban taɓa zama aji ba, amma yunwar da ta kwashe sa'o'ina ta gan ni ta kauce, masu karatun da suka raina ni kuma ni na raka su makwanci. Saboda haka in na ce ga yadda aka yi, to haka aka yi.

Duk shekara in 'ya'yan danyar nan, wato nunu, suka zubo, wani biri mai suna Ɗanwaire yakan tara su a kogon icce ya rufe da ganye har su yi tsami. Dabba ta zo da hankalinta, ta sha, ta koma tana gaida kututture. Hanyar komawa gida kuwa ɗaya ce, ta gindin sabarar da wata zabuwa, Lantana, take saka ƙwai. Tana sakawa, kofatai suna fasawa, shekara da shekaru. Wannan daminar tsufa ya cim mata, ta kuma san ƙwan da ke ƙarƙashinta su ne na ƙarshe.

Da kukanta ya ishi kowa, sai aka kafa Kwamitin Haɗin Gwiwa Don Rage Illar Nunu. Aka ba Makau gwanki shugabanci, don ƙahonsa ya fi na kowa kwarjini. Aka sa Jatau mugun dawa ya wakilci mashaya. Shi ma Ɗanwaire aka sa shi, wai ba a gyara abu a bayan idon mai shi. Inuwar da za ta ɗauki taron kuwa babu ita sai a gindin danya.

To, dajin yana da al'ada. Baƙo ba ya magana a inuwar wani sai ya sha ruwan mai inuwa, ƙin sha zagi ne. Ruwan Ɗanwaire kuma kowa ya san irinsa.

Lantana ta lulluɓe ƙwanta da ciyawa ta zo da hantsi. Ta tsoma baki a ƙoƙo don kunya, ta ce, “Ranka ya daɗe, ban zo raba kowa da abin shansa ba. Na gaji da wannan. Ƙaya nake roƙo, reshe biyu ko uku, a kewaye mini sabara har in ƙyanƙyashe. Da ina da hannu da ban dame ku ba.”

Makau ya shanye nasa ƙoƙon, ya gyara murya. “Gwaggo, mun ji, kuma zuciyarmu ta karaya. Amma wannan tafiya ta kowa da kowa ce. Ba ma yanke magana sai kowane abokin tafiya ya ce ya yarda. Maigida, me ka gani?”

Ɗanwaire ya dafa ƙirji. “Ni ne na fi kowa baƙin ciki. Kullum sai na ce musu, ku sha da hankali. Jatau, ban ce ba?”

“Kana cewa,” in ji Jatau, “lokacin da kake ƙara mini.”

Aka yi dariya, aka sake zagayawa da ƙoƙo, don al'ada ta ce duk sabuwar magana da ruwanta.

Jatau ya miƙe yana riƙe da jikin danya. “Ni tambaya gare ni. Illa aka ce a rage, ko ba haka ba? To wa ƙayar za ta soka? Mu. Bara na faɗa cikin sarƙaƙiya, har yau ban zauna daidai ba. Gwaggo tana da fiffike, mu ba mu da shi. A share hanya, a faɗaɗa ta, mai tangaɗi ya sami filin tangaɗinsa.”

“Ɗan nan,” in ji Lantana, “ni ce mai fiffike. Ƙwai ba shi da shi.”

“Wannan ma magana ce mai nauyi,” in ji Makau, idonsa ya fara lumshewa. “A kawo mata ruwanta.”

Haka aka yini. Da la'asar aka amince baki ɗaya cewa za a faɗaɗa hanya, maganar ƙaya kuma a kai ta zama na gaba, bayan damina, in an huta. Lantana ba ta tsaya addu'ar tashi ba. Ta ruga ta kwanta a kan ƙwanta, ta baza fukafukai iyakar ƙarfinta.

Can sai ga kwamiti tafe, kafaɗa da kafaɗa, suna auna faɗin sabuwar hanya da ƙafafunsu. Ta yi kuka, ta yi kuka. Makau ya ɗaga kai ya ce, “Kun ji? Har ta fara yi mana guɗa.” Da kofato ya zo kanta sai jiki ya ƙwace mata, ta tashi sama.

Da ƙura ta lafa ta sauko, ta daɗe tana duban wurin. Ta bi ta cikin ciyawa ta yi gabas, ni dai ban ƙara ganinta ba, kuma idona ba ya kuskure.

Kwamitin yana nan har gobe, yana zama a kan kari. Dazuzzukan maƙwabta ma suna aiko wakilai su koyi aiki, don tun daga shekarar ba a sake fasa ƙwai ko ɗaya a hanyar nan ba.