Alƙiblar da na manna a bangon jirgi

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu na yamma. Ni da matata da mahaifinta, Alhaji, muna cikin jirgin ruwan da muka hau daga Jidda, zai kai mu Masar ya dawo da mu.

Tun ranar farko na auna alƙibla da waya, na manna takarda a bangon ɗakinmu. Alhaji ya ce a tambayi ma'aikata. Na ce, "Baba, ni fa injiniya ne. Ku bar mini wannan."

Kwana uku ina jan salla muna fuskantar takardar. Muna sallame la'asar sai wani ma'aikaci, Bahaushen Sudan, ya shigo da tawul. Ya dube mu, ya dubi taga.

"Ya Hajji, Makka tana bayanku. Jirgin ya juyo tun jiya da asuba."

Ban taɓa kawowa a raina cewa bangon ma juyawa yake ba. Alhaji ya fara ƙirga salloli da yatsu.

Wata shida ke nan da dawowarmu gidanmu a unguwar Aziziyya. Duk lokacin da zan ja salla, sai Alhaji ya tambayi matata, "Hauwa, gidan nan dai bai juya ba ko?"