Garantin Motar Alhaji Sallau

Duk Funtuwa babu wanda bai san bakin Alhaji Sallau mai taki ba. Idan ya sayi takalmi, sai unguwa ta kwana uku tana jin tarihin saniyar da aka jeme fatarta. To, wannan bawan Allah ne ya sayar da fegi biyu, ya je Kaduna ya fito da mota sabuwa dal, irin wadda ke aiki da fetur da lantarki, da ake ce wa haibirid.

Ran da ya kawo ta majalisa, sulalowa ta yi shiru kamar kyanwa. Ya fito yana gyara hula.

"Kun ji ƙara? Ba ku ji ba. Haka kuɗi ke tafiya! Batirin da ke ƙarƙashin kujerar bayan nan zai ba Funtuwa wuta, ya rage wa Bakori. Ga garantin shekara biyar. Ko atishawa ta yi, kamfani ne zai gyara, sisina ba zai yi ciwon kai ba."

Ana nan sai taransifomar unguwa ta ƙone. Man janareto kuwa ya yi tsadar da Alhaji ba ya son ji. Ya dubi motar, ya dubi firizar Hajiya Kulu, matarsa, sai ya aika aka kira Ɗan'azumi mai wayarin, ya jawo wa gidan wuta daga batirin motar.

Ɗan'azumi ya ɗaga kujerar motar, ya leƙa batirin, ya ja da baya. "Alhaji, ka ga ƙoƙon kan mutum aka zana a jikin abin nan."

"Don 'yan koyo aka zana. Jona!"

Aka jona. Firiza ta ɗauka, fanka ta juya. Alhaji ya buɗe ƙofar gida wangam don masu wucewa su gani. Kwana biyu ya ƙara talabijin da dutsen guga. Kwana huɗu ya fara yi wa maƙwabta cajin waya, ɗari bibbiyu. Mota na ƙofar gida a kunne, takan yi gurnani ta yi shiru, shi kuma yana kan kujera yana karɓar gaisuwa.

Ran kwana na goma sha tara ya ce a haɗa injin markaɗe.

Fat! Tartsatsi. Ƙauri ya cika layi. Duk fitilun gaban direba suka kama lokaci ɗaya, ja da rawaya, kamar gidan biki, sannan suka mutu ɗif. Ya danna, ya lallasa, ya yi mata tofi. Ko motsi.

Da ya tuna garanti sai ya washe baki. Ya sa aka tsinke wayoyin waje, aka goge toka, aka fesa turare. Ya ɗora ta a motar janwe, ya kwashi Malam Barau, abokin hirarsa, da wasu mutum uku na majalisa, wai su zo su ga yadda ake ladabtar da kamfani.

A garejin kamfanin, wata mata ce mai suna Injiniya Rakiya ta tarbe su. Alhaji ya buga tebur.

"Kun sayar mini da gawa! Ina tafiyata salin-alin a kan titi ta shure!"

"Sannu, Alhaji. Idan laifinmu ne, kyauta za mu gyara. Idan kuma taɓa ta aka yi, batiri da na'urar da ta ƙone miliyan biyar da dubu ɗari shida ne."

Malam Barau ya ce, "Kai!"

Alhaji ya ce, "Wa zai taɓa ta? Ko ƙuda sai da izinina."

Ta jona kwamfuta a jikin motar, ta duba. "Ikon Allah. Motar ta ce kwana goma sha tara tana kunne, taya ba ta juya ba ko sau ɗaya."

"Cunkoso ne," in ji Alhaji. "Ba ki san hanyar Zariya ba."

Wani daga cikin 'yan rakiya ya toshe baki da hula.

"To wutar da ta ƙona ta fa?"

"Tsawa ce! Yanzu na tuna. Tsawa ta faɗo mata."

"A watan Maris? Kuma ai garanti ba ya biyan tsawa."

"To ba tsawa ba ce. Ɓera ne. Ɓerayen Funtuwa ba su da mutunci."

Injiniya ta sa aka ɗaga kujerar baya, ta haska tocila. Ga waya an fere ta tsaf, an murɗa, an naɗe da baƙin salatif. Ga soket mai baki uku an kafe da ƙusa.

"Lallai ɓeran nan ya yi makaranta," ta ce. Ta ƙara leƙawa, ta ɓanɓaro wata 'yar takarda da aka manna a gefen batirin. "Har lambar waya ya bari, don masu son aiki."

Alhaji ya matso kusa da ita. "'Yata, bar wannan, mu yi magana a ofis."

Ina! Ta riga ta danna, ta buɗe murya kowa na ji.

"Salamu alaikum, Ɗan'azumi mai wayarin ne, wa ke magana?"

"Daga Kaduna ne, kan motar Alhaji Sallau."

"Wayyo! Hajiya, wallahi na gaya masa! Na ce firiza da guga sun isa, ya ce sai an yi markaɗe. Kullun ma bai gama niƙuwa ba, tattasai ne kawai ya..."

Malam Barau ya zube a kan tsohuwar taya yana riƙe ciki don dariya. Kanikawa suka ajiye sifana. Alhaji ya laluba aljihu kamar mai neman ƙofar fita a ciki.

Injiniya Rakiya ta miƙa masa wayar da hannu biyu, cikin ladabi.

"Alhaji, ga ɓeran, yana son ku gaisa."