Masu Gaisuwa a Ƙofar Gafiya

A wani daji da ke kwance tsakanin kogi da duwatsu, an yi wata tsohuwar gafiya mai suna Tabawa, wadda dabbobi suka ba amanar abincinsu. Raminta na da zurfi da lunguna, ga sanyi, ga shi ruwa ba ya shiga. Da kaka kowa ya kawo abin da ya tara, gero ko dawa ko gyaɗa, in bazara ta matsa ya zo ya ɗiba. Da yake ba rana ɗaya ake zuwa ɗiba ba, Tabawa takan ranta wa masu neman iri daga abin da ke kwance, in sun girbe su mayar da ɗan ƙari. Da ƙarin nan take ci, da shi take gyaran rami.

Amanarta ta kai a kasuwar gindin kuka ba sai ka ɗauko kaya ba. Ka sayi zuma, ka ce wa ƙudan zuma, "Ku je ku karɓa wurin Gwaggo," shi ke nan ciniki ya faɗa. Ban san wata dabba ba da sunanta kaɗai ya taɓa biyan bukata a kasuwa, kuma ko kusa abin bai sa ta ɗaga kai ba.

Sai dai dajin nan na da wata al'ada da mazaunansa ke taƙama da ita. Ba a buɗe baki a tambayi babba abin da ake bin sa, wannan rashin kunya ne. In kana bin wanda ya girme ka ko ya fi ka muƙami, sai ka yi sammako ka je gaishe shi. Ka tambayi kwana, ka tambayi iyali, ka ɗan zauna, ka tashi. In ka maimaita, mai mutunci ya gane, ya aiko maka da kayanka har da ban haƙuri. Al'ada ce mai kyau ƙwarai, muddin wanda ake gaisarwa yana da kunya.

Shugaban majalisar dajin kuwa Gadu ne, wanda a bayan idonsa ake ce wa mugun dawa, a gabansa kuma Yallaɓai. Shekarar da ya nemi a sake zaɓensa, sai ya aiko Bika, kakakin majalisa, wani biri mai zaƙin baki. Bika ya durƙusa a bakin rami ya ce, "Gwaggo, Yallaɓai na gaisuwa. Ya ce halin talaka na hana shi barci. A ɗan ranta masa abin da zai raba, kafin kaka ya mayar."

A nan ne wayon Tabawa ya ƙare, don tarbiyyar da ta hana a tambayi babba ita ce ta hana a ce masa a'a. Aka yi ta jida kamar ana tashin gida. Gadu ya tara jama'a ya ba kowa cikin tafi, aka yi ta guɗa, ya ci zaɓe. Sauran kuwa, wanda shi ne mai yawan, ya kulle a gidansa, don ya san inda farashi ya dosa. Da Bika ya ga ƙofa a buɗe, shi ma ya ranci nasa don kwangilar gada a kan wani rafi da ko bushiya takan ƙetare ba ta jiƙa ciki ba. Sauran 'yan majalisa suka bi sahu.

Kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya mayar da ko ƙwaya. Tabawa ta fara sammako. Kuma a faɗi gaskiya, duk dajin ba wanda ya iya amsa gaisuwa kamar Gadu. "Gwaggo! Ke da kanki? Ai da kin aiko sai mu zo. Yaya ƙafar? Allah ya bar mana ke." Ya rako ta har bakin hanya, ta koma gida da addu'a fal, hannu wayam.

Akwai wata Fakara da shaho ya ɗauke wa miji ya bar ta da 'ya'ya barkatai. Ƙwaya-ƙwaya take tsintar geronta ta kai wa Tabawa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ta zo ɗibar iri. Tabawa ta shiga rami ta daɗe, ta fito tana kakkaɓe hannu ta ce, "Ki dawo gobe, 'yata." Wannan magana ba a taɓa jin ta a bakin ramin nan ba, ga shi kuwa Hankaka na kan reshe. Kafin rana ta yi tsaka labari ya kai bakin kogi.

Washegari Tabawa ta leƙo, sai ta ga dajin gaba ɗaya a ƙofarta: kurege, zomo, bushiya, kurciya, zabi, har kunkurun da rabonsa da fita tun bara. Kowa ya zo gaisuwa.

Kurege ya ce, "Ina kwana, Gwaggo?"

Ta ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya can ciki? Ba dai danshi?"

"Da godiya."

Ya koma gefe ya zauna, na bayansa ya matso. Ba wanda ya ambaci hatsi, ba kuma wanda ya tashi. Tabawa ta gane, don ita ba Gadu ba ce. Ta shiga fito da abin da ya rage tana miƙa wa na gaba, har farcenta ya fara karta ƙasa, layi kuwa ko rabi bai yi ba. Fakara, da yake sai da ta tsaya tattara yara, tana can ƙarshe.

Kasuwa ce ta fara jin jiki. Ƙudan zuma suka ce yanzu sai gani a hannu. Gizo masaƙi ya naɗe zarensa, don waɗanda suka ba shi aiki duk da sunan Gwaggo suka yi alkawari. Aka ɗaga auren 'yar zomo. Wanda ke da ɗan hatsi a gida ya binne ya kwanta a kai, maƙwabci in ya yi sallama sai a ce ana wanka. Abin da ya fi ba ni takaici, yara suka koyi kallon bakin mai tauna.

Majalisa ta yi zaman gaggawa, Bika ya hau kututture ya yi jawabi: "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ajiyarku na nan daram. Abin da ake gani ɗan jinkiri ne irin na kowane babban aiki, maƙiya ne ke zuzuta shi. Don ku tabbata majalisa ba ta barci, an ba da umarni a yi wa bakin ramin sabon yaɓe, a shafa masa farar ƙasa." Aka yi yaɓe, kuma ya yi kyau.

Da azahar, da masu gaisuwa suka janye inuwa, Bika ya lallaɓo wurin Tabawa ya rage murya. "Gwaggo, Yallaɓai na son ki gama lafiya. Ki faɗa wa jama'a ruwa ne ya tsatso ya ruɓar da ajiya. Ƙaddara ce, ba mai zargin kowa. Majalisa za ta ba ki lambar yabo, ki huta da mutuncinki."

Tabawa ta ce, "To, su kuma su shuka me?"

Ya ce, "Allah ba ya hana bawa."

Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ramina bai taɓa yoyo ba, ba kuwa zan yi masa ƙazafi da tsufana ba. Ka gai da Yallaɓai, ka ce ina nan tafe."

Da gari ya waye masu gaisuwa suka cika ƙofa. Tabawa ta fito da sandarta ta tsaya, ta ce, "Na ji gaisuwarku, na kuma san abin da ke cikinta. Ba zan ɓoye muku ba, ramin nan babu komai. Amma ni ma akwai waɗanda nake gaisarwa, kuma ƙafata ta gaji da zuwa ita kaɗai. Duk mai ƙaunata ya raka ni."

Ba ta kama sunan kowa ba, ta dai kama hanya. Suka bi ta, tana gaba tana ɗingishi, 'ya'yan Fakara na tsalle a ƙarshe, har ƙofar Gadu. Suka same shi a zaure an aje masa ƙaton akushi na dambun gero, ya miƙa hannu ke nan. Ya ga taro, ya yi murmushin zaɓe, ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya har dambu ya fara hucewa. Yunwa ta ciyo shi. Ba a cin abinci a gaban baƙo ba a yi masa tayi ba, baƙo mai tarbiyya kuma ya san amsarsa ita ce ya ƙoshi. Saboda haka Gadu ya nuna akushi hankali kwance ya ce, "Bismillah."

Tabawa ta ce, "To, madalla."

Ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannu. Tsohuwar da ko a gidan biki sai an yi da gaske take taɓa ruwa, yau ga ta ta tanƙwashe ƙafa a gaban akushin shugaba. Kunyar da ta rayu da ita tun ƙuruciya ba ta sake ta ba, daurewa kawai ta yi. Ta kai loma, ta waiwaya ta ce, "Fakara, matso da yaran. Yallaɓai ya kira mu."

Kafin ka ce me, akushi ya koma kamar an wanke. Shugaban da ya ce halin talaka na hana shi barci ba ya barin akushi wayam a gaban waɗanda suka zaɓe shi, dole ya ce a ƙaro. Aka ƙaro, aka sake ƙarowa. Fakara ta ɗanɗana ta ce a hankali, "Geron nan kamar na san shi." Da kowa ya ƙoshi, Tabawa ta share baki ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yallaɓai. Sai mun zo gaisuwa gobe."

Suka kuwa zo, gobe da jibi da gata. Gadu ya gwada ƙin cin abinci don kada ya yi tayi, amma gadu da haƙurin yunwa ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Ya gwada cewa ba ya nan, suka ce ba komai, sa jira. Da ya lura baƙi na cinye abin da yake jira ya yi tsada, a banza kuma, sai tausayi ya kama shi farat ɗaya. Bika ya hau kututture ya sanar cewa Yallaɓai, saboda ƙaunarsa ga talaka, ya buɗe rumbunsa don tallafi. Sauran 'yan majalisa, da suka ji tsohuwa na tambayar hanyar gidajensu, su ma tausayin ya kama su.

Ba duka aka samu ba. Wanda aka ci an ci, wanda aka sayar ya tafi, gada kuwa har yau bushiya da ƙafa take ƙetarewa. Tabawa ta zauna a bakin rami ta raba abin da ya dawo, ta fara daga ƙarshen layi. Inda bai kai ba ta cika da ɗan abin da ta aje wa tsufanta. Fakara ta samu irinta ana yayyafin farko, ta tsaya za ta yi godiya, Tabawa ta ce, "Tafi, 'yata, ƙasa na jiƙe. Kayanki ne, ba kyauta na yi miki ba."

Da shuka ta yi kore hankali ya kwanta, majalisa ta zauna binciken musabbabin abin da ya faru. Bincike ya gano ba a taɓa rasa hatsi a dajin ba, tunda ga shi an raba. Abin da aka rasa shi ne ladabi. Aka kira Tabawa aka karanta mata laifinta, wato cin abincin babba da aka yi mata tayi don kara, a gaban yara. Aka tambaye ta ko tana da ta cewa.

Ta dogara sanda ta ce, "Ranku ya daɗe, na yi laifi, amma ba wannan ba. Ranar da aka zo neman abin da ba nawa ba, na ji kunyar mai nema, ban ji tausayin masu shi ba. Wannan in kun hukunta ni a kansa ba ku zalunce ni ba. Akushi kuwa, in aka sake kira na zan sake ci, don dambun ya yi daɗi."

Aka tuɓe ta daga riƙon ajiya nan take. Ta fita ba lambar yabo, ba abin da za ta ci da damina, amma rabin masu kallo suka tashi suka raka ta gida, aka bar majalisa na jawabi ga kujeru. Ni dai ban ga wanda aka kora ya fita da kwarjini irin nata ba.

Sai aka shiga neman wanda za a danƙa wa sabon rumbun ajiya. Gadu ya ce wannan karon ba a son mai tsaurin ido, a nemo mai natsuwa, wadda ke aikinta a cikin duhu ba tare da damun manya ba. Majalisa ta duba ta duba, baki ya zo ɗaya a kan Gara, don duk tsawon zamanta a dajin ba wanda ya taɓa jin motsin bakinta.