Ranar da Kwamfuta Ta Gaishe da Mamaci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je neman aikin koyarwa a wata 'yar makarantar kwamfuta a Kibiya. Malaminsu, Malam Sabo, ya rasu ko arba'in ba a yi ba, mai makarantar, Alhaji Ɗanlami, yana neman madadinsa. Na taso daga Rano da sabuwar shadda da takardar shaidar da na samo a Kano (ilimin dai bai kai takardar kauri ba).

Alhaji ya ce in koyar a gabansa. Aka zaunar da ni a kujerar marigayin, gaban kwamfutarsa. Na ce wa ɗalibai, "Yau fankishin za mu yi. Kamar injin niƙa yake: ka zuba masa abu, ya sarrafa, ya miƙo maka. Sau ɗaya za ka rubuta shi, ka yi ta kiransa." Baki kam ya iya. Sai dai ban taɓa rubuta ko ɗaya ni kaɗai ba. Na lallaɓa cikin ayyukan da ke kwamfutar, na tarar da wani mai suna gaisuwa, na kwafo ban karanta ba.

"Duk sunan da na ba shi, zai gaishe da mai shi. Alhaji, da kai za mu fara."

Na rubuta Ɗanlami, na danna. Allon ya amsa: Sannu da zuwa, Malam Sabo.

Dama hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu, allon kaɗai ke haske. Na sa sunan wata ɗaliba. Sannu da zuwa, Malam Sabo. Na sa nawa, haka dai. Can sai ƙofa ta buɗe a hankali, ba kowa a bakinta. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Innalillahi, ya dawo."

Ni da ya kamata in kwantar wa mutane da hankali, ni na fara ficewa. Ta taga. Ƙusa ta kama shaddar, ta tsarge ta har ƙugu.

Aka kira liman, ya yi addu'a ya tofa wa na'urar, aka nemo ni a bayan dalbejiya. Alhaji ya ce, "Malam, buɗe mana cikin fankishin ɗin mu gani." Na buɗe. Ashe marigayin ya gwada shi ne da sunansa, ya rubuta shi a ciki daram, don haka ko kallon sunan da ake ba shi ba ya yi. Dole na yi bayani da bakina, hannu ɗaya riƙe da yagewar riga.

Liman ya girgiza kai. "Bawan Allah yana kwance abinsa, kai ka je ka yi masa sata."

Aikin dai ban samu ba. Amma yanzu ba na kwafar abin da ban karanta ba, kuma duk ajin da na shiga, nakan zauna kusa da ƙofa.