Yadda Za Ki Kauce wa Rigar da Yayarki Ta Ɗinka Miki

Ke da yayarki ta yi ritaya ta sayi keken ɗinki, share hawayenki. Ni Yusnidar ta unguwar Purus a Padang na ga wannan jarabawa, kuma ina tabbatar miki in kin bi matakan nan, rigar ba za ta taɓa ganin rana a jikinki ba.

1. Ki yabi yadin, ki bar ɗinkin

Tawa rigar shan iska ce ruwan ɗorawa mai zanen abarba, kowace abarba kanta a ƙasa. Hannun dama ya kai wuyan hannu, na hagu ya gaji a gwiwar hannu.

"Uni, wannan yadi ai sai 'yar gata," na ce wa yayata, Uni Marlis.

"Saka mu gani."

"Gumi nake yi, kar in ɓata ta."

Gumi uzuri ne da ba ya ƙarewa a garin nan. Ki riƙe shi da kyau.

2. Ki yi ƙiba

Ki dage da naman rendang mai maiƙo da shinkafa har zif ya ƙi rufuwa, sannan ki koma da fuskar jimami. Uni ta dube ni sama da ƙasa, ta farke gefen rigar, ta ƙara ƙyallen labulen kicin ɗinta, shuɗi. Riga ta shiga. Ƙibar kuma ta zauna, har yau muna tare.

3. Ki yi sadaka da ita

In ana tara kaya don waɗanda ambaliya ta shafa, ki cusa ta can ƙasan buhu. Amma ki fara binciken wa ke tantance kayan. A unguwarmu tsohuwar maƙwabciyata ce, Etek Rosna, ta kuwa dawo mini da ita a ninke, a gaban jama'a.

"Yus, mutanen nan ruwa ya ci gidajensu. Kar ki ƙara musu."

4. Kada ki dogara da miji

Na miƙa wa mijina, Uda Shafril, dutsen guga, na ce ya manta shi a kan rigar. Mutumin da duk rigunana na kirki sai da ya ƙona su, ranar ya goge ta tas ya rataye.

"Ai Uni ce ta raine ki," in ji shi. Kamar an tambaye shi.

5. Ki rufe ta

Ranar taron dangi a bakin teku babu gudu. Ki saka, ki ɗora rigar ruwa ta leda irin ta 'yan babur. Rana na dukan yashi, ke ki ce kin ji ƙamshin hadari.

Na yi haka, ina ta dahuwa lafiya lau, sai ga Uni ita ma cikin tata rigar abarbar. Elfi, matar ƙanenmu, wadda kayanta daga Jakarta suke zuwa, ta kama gefen rigar da yatsu biyu.

"Uni, wane tela ne ya yi miki wannan aika-aika? Faɗa mana mu kai ƙara."

Aka yi dariya. Uni ta yi murmushi, ta cire tabarau tana gogewa da gyale.

"Ido ne ya fara gajiya, Elfi. Zaren ma da lalube nake sawa."

Ta juyo ta gan ni cikin leda, ta ce a hankali, "Bar ta a rufe, Yus. Na gane."

6. Kada ki kalli fuskarta

Ni na kalla, nan na faɗi jarabawar. Na tuɓe ledar, na miƙe tsaye, abarba na kallon ƙasa.

"Elfi, ni na ce a yi mana haka. Gajeren hannu na cin abinci, dogo na ado. Yayin bai iso Jakarta ba tukuna?"

Gaskiya kuma rigar akwai shan iska, musamman ta hammata inda ɗinkin ya buɗe. Uni kuwa kifinta gasasshe ta yi ta turowa kwanona har ta rasa na ci.

Washegari ta shiga kasuwa ta dawo da bandir guda.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin ƙiba, ƙurajen zafi, ko gaba da matar ƙane. In kin bi shawarata abin ya kwaɓe, kada ki zo gidana, ba na nan. Ina gidan Uni hannuwa a sama ana auna ni. Wando ta fara koya.