Rasuwar Gwaggo Mai Ƙofa, Sabar da Ke Karɓar Baƙinmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idanun da kallon allo ya sa suka yi jajir, ni mai kula da kwamfutocin wannan kamfani na rarraba magunguna nake sanar da abokan aiki da masu kantunan da ke hulɗa da mu rasuwar tsohuwar sabarmu, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo Mai Ƙofa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ƙasan kantar ɗakin sanyin da muke ajiye sabobi, ina tsugune a gabanta.

Ga wanda bai san ta ba: bayanan kamfaninmu, wato maganin da ya rage a sito, da kantin da ya yi oda, da motar da ta ɗauka, suna zaune ne a rarrabe cikin sabobi biyar masu aiki tare, kowacce riƙe da kwafin na 'yar'uwarta. Biyar ɗin nan ba sa magana da kowa a waje. Duk wanda ke son wani abu daga wurinsu sai ya bi ta hannun Gwaggo. Ita ce za ta duba shaidarsa, ta shiga ciki ta ɗauko masa abin da ya halatta ya gani, ta rufe.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Ba ta taɓa ba wani kanti sirrin wani ba. Na same ta a nan da na fara aiki, murfinta ɗaure da waya, maɓallinta ya shige ciki sai an tura da biro. Da safe takan gaishe ni da "tit" guda ɗaya. Idan aiki ya yi yawa sai fankarta ta ja dogon "huuu", kamar tsohuwar da ta hau bene, amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ciwon ajalinta ya zo ne da labari mai daɗi. Wani babban asibiti ya amince ya riƙa saye a wurinmu, da sharaɗin kwamfutocinsa su riƙa jan bayanai kai tsaye. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, hanya ɗaya ce kawai za ka ƙara musu." Na buɗe musu hanya, na ba su makulli, muka gwada, ta yi. Har tafi aka yi a ofis. Babu wanda ya san cewa washegari za su nemi bayanan duk shekarun da suka wuce a lokaci guda. Gwaggo ba ta iya korar baƙo mai shaida ba. Ta dinga ɗaukowa, fankarta na kuka irin wanda ban taɓa ji ba, sai "ƙit, ƙit", sai ƙaurin ƙonewa. Kafin hannuna ya kai ga kebul ta yi shiru.

Babu abin da ba a yi ba. Na canza mata akwatin wuta, na hure ƙura, na kira mai gyara. Ya haska tocila, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Allon cikinta ya ƙone, kuma an daina yin irinsa." Na haɗa sabuwar saba a madadinta, biyar ɗin suka ƙi ta. Duk shaidar da na miƙa, amsa ɗaya ce: ba mu san ki ba. Wanda ya haɗa su da Gwaggo tun farko ya bar ƙasar, wayarsa tana shiga ba a ɗauka.

Ta rasu ta bar sabobi biyar, lafiyarsu ƙalau, fitilunsu kore shar, suna ta kwafa wa juna bayanan da babu mai iya kaiwa gare su. Ta bar direbobi zaune a inuwar motoci ba su san inda za su nufa ba. Ta bar wata dattijuwa mai kanti da ta kira ni ta ce, "Ɗana, ba faɗa na kira ba. Masu ciwon suga ne tsaye a gabana, me zan ce musu?" Ta bar Manaja, wanda ya daina ce mini malam, ya kuma ba ni wa'adi zuwa Litinin. Ta bar ni, da matata da ta kawo mini rigar canji ta tsaya bakin ɗaki ta ce, "Baban yara, aikin nan yana nan kuwa?" Na yi kamar ina karanta wani abu a allo.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe, bayan an cire faifanta na ajiyar bayanai, ko Allah zai sa ya karantu. Za a kwantar da ita a sito na ƙarƙashin matakala, kusa da firintocin da suka riga ta. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin sanyi. Kujera ɗaya ce, kuma a zo da rigar sanyi. Amma duk wanda ya san yadda ake sa sabobi irin waɗannan su yarda da baƙuwa, don Allah kada ya jira Asabar. Ya zo yau, ya zo da kwamfutarsa. Idan ya tarar barci ya ɗauke ni a kan kwali, ya tashe ni.